Kwalin Da Umma Ta Yaga

Masu bibiyar labarina, sannunku da haƙuri. Wadda ta rubuto min wancan makon tana cewa in riƙe Nafiou hannu bibbiyu don irinsa sun yi ƙaranci, 'yar uwa, gyara zama, yau da ke nake.

Sababbin zuwa kuma ga ni a taƙaice. Sunana Halima Sa'adiya, a gida Sadiya ake ce min. 'Yar Kano ce ni, amma a Dubai na ƙarasa girma. Mahaifina Alhaji Badaru yana da ofishin kago, wato na tura kaya gida, a kasuwar Murshid Bazaar, muna zaune a hawa na uku na wani tsohon bene a Karama, ni kuma tafinta ce a wani asibiti, ina juya wa likitoci Hausar marasa lafiya zuwa Turanci. Sannan ina da wani hali da Umma ta rantse shi zai hana ni aure: ina son wasan tseren mota a kwamfuta.

Ni dai ban ga laifina ba. Yarinyar da aka ɗauko daga gida mai tsakar gida da bishiyar mangwaro aka zuba a ɗaki biyu da falo, waje zafi kamar bakin murhu, ba maƙwabta ba dandali, me kuke so ta yi? Akwai wani kafen kwamfutoci a ƙasan benenmu, a nan na koya. Ni kaɗai ce mace, da abayata da komai, kuma samarin Filifin da na Indiya da ke wurin sun san ni sarai, don bayan motata kawai suke gani. Ranar da wata Hajiya baƙuwar Umma ta hango ni ta gilashi ta hau sama da labari, ranar aka kashe zancen kafe. Ni kuma ranar na ƙudura sai na haɗa tawa kwamfutar da albashina, in ajiye ta a ɗakina, in ga mai leƙo ni.

A kafen nan na haɗu da Nafiou. Ɗan Maraɗi ne, dogo, mai sanyin magana, yana sayen tsofaffin kwamfutoci a sito-siton Warsan ya gyara ya tura Nijar, ta ofishin Abba ma yake turawa. Duk namijin da ya taɓa zuwa zance wurina, da ya ji maganar wasa sai ya yi dariya ya ce in na haihu zan daina. Shi bai yi dariya ba. Tsayawa ya yi a bayana har na gama zagaye, sannan ya ce, "Mademoiselle, a kwanar ƙarshe kin taka birki da wuri." Wannan maganar ce ta tafi da zuciyata, ba turare ba, ba agogo ba. Ku yi min dariya in kun ga dama.

Umma kuwa ta daɗe da sa ni a gaba. Duk baƙuwar da ta sauka a gidanmu daga Kano sai ta zo da labarin bikin sa'ata, Umma ta kalle ni ta yi ajiyar zuciya mai nauyin buhu. Da Abba ya kira ni ya ce kawun Nafiou da abokan kasuwarsa suna so su zo gaisuwa ranar Juma'a in na amince, ban yi wata-wata ba. Na amince ne saboda magana ɗaya da ya taɓa faɗa min, wai a gidansa teburin kwamfutata zai riga gado shiga.

To, ranar Asabar muka fita sayen kaya. Na sa baƙar abayata mai aikin zare ruwan toka a hannu, da gyale ruwan toka, da takalmi mara tsini don na san za a sha tafiya. Shi kuma ya zo cikin riga shuɗiya mai kwala, sai ƙamshi yake. Dirhami dubu biyu da ɗari biyar na tara, a wurin masu kuɗi abin dariya ne, amma ni na san shawarma nawa na haƙura da ci kafin su taru. Ba kuma da duhun kai na fito ba. Na yi watanni ina sayen mujallun kwamfuta, har na zaɓi kayana ɗaya bayan ɗaya.

Muka shiga layin masu kwamfuta na Bur Dubai, kantin wani ɗan Kerala da Nafiou ya saba da shi. Na nuna bod ɗin da nake so, wato babban allon da duk sauran kayan ke hawa kansa, mai jan kwali. Nafiou ya ɗauka ya juya, ya girgiza kai.

"Sadiya, bari in faɗa miki gaskiya. Wasa duka a kan katin hoto yake, shi ne injin motar. Bod ai faranti ne kawai. Ki rage a nan ki ƙara a kati."

"Amma a mujalla cewa suka yi..."

"Mujalla talla take yi, ma chérie. Ni kullum hannuna a cikin kwamfuta yake."

Ya juya ya yi wa mai kantin wata gajerar magana cikin Larabcin kasuwa, mutumin ya kalle ni, ya kalle shi, ya ɗauko wani bod a ƙasan kanta, kwalinsa fari, kuɗinsa kusan rabin na wancan. Nafiou ya nuna min bayansa yana murmushi.

"Kin gani, har da wurin firinta."

"Me zan yi da firinta?"

"On ne sait jamais. Wa ya san gobe?"

Haka muka yi ta tafiya. Na ce ram, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, giga ɗaya, ya ce rabi ya isa, a ƙara daga baya. Na ce ƙaramin hard disk na ajiyar bayanai ya ishe ni, nan kuma shi ya dage a ɗauki babba. Na hango wani akwati baƙi mai gilashi a gefe da shuɗiyar wuta a ciki, zuciyata ta tsaya a kansa, ya ce wuta ba ta ƙara gudu, ya zaɓo min wani ruwan madara irin wanda ake gani a ƙarƙashin teburin banki. Na ɗan ji ba daɗi, amma na ce namiji mai tattali ai abin so ne.

Katin hoton kam bai yi min gardama ba. Wanda nake mafarki na ɗauka, shi ya cinye kaso mafi tsoka na kuɗin. Kwalinsa baƙi, an manne bakinsa da wani liki mai walƙiya. Na rungume shi kamar jariri. A taksi Nafiou ya ɗora yatsa a kan likin ya ce, "Wannan kada ki buɗe shi. Ko taɓa likin kada ki yi sai na zo ranar Alhamis mu haɗa tare. Wutar jikin mutum ma tana iya ƙona shi."

Da yamma ƙaramar Nokia ɗina ta yi ƙara. "Championne ɗina, kin isa lafiya? Kada ki buɗe katin fa." Washegari ina asibiti wani ya shigo. "Bonjour. Katin yana nan a rufe ko?" Ni kuma shashasha ina ta murmushi, har wata nas 'yar Sudan ta ce min wannan murmushin na masu aure ne. A raina cewa nake, dubi yadda ya damu da abin da na damu da shi.

Yanzu sai na gaya muku wani abu game da Umma, in ba haka ba ba za ku gane ba. Hajiyoyin Kano masu zuwa sari a gidanmu suke sauka, Umma ke haɗa musu kaya. Kago kuwa da kilo ake biya da faɗin wuri, saboda haka aikin farko shi ne a raba kaya da kwali. Takalma, turare, filas, kwanukan tangaran, duk sai an tuɓe su tsirara a naɗe da atamfa a cusa a jaka. Shekara da shekaru hannun Umma ya saba, har ya zama kwali ba ya kwana a gidanmu. Ko man goge baki ka sayo ka ajiye, kafin ka juyo ta zare shi ta take kwalin da ƙafa. Akwai wani ɗan Bangaladesh mai keke da ke zuwa kwasa kullum.

Ranar Litinin na dawo daga aiki bayan azahar, na ratsa falo ta tsakanin jakunkunan baƙi da ƙamshin turaren wuta, na tura ƙofar ɗakina. Sai ga kayana shimfiɗe a kan gado, reras, kowanne tsirara. Bod, ram, hard disk, da katina a kan filo yana kallon silin. Ko ɓurɓushin kwali babu.

"Umma, ina kwalayena?"

Daga kicin ta amsa, ko juyowa ba ta yi ba. "Na rage miki tarkace. Ɗaki kamar sito, ga baƙi za su zo Juma'a. Mai keke ya kwashe tun safe."

Na zauna a bakin gado ina tunanin me zan gaya wa Nafiou. Can kuma sai wata zuciyar ta ce min, tunda an riga an buɗe, me ya rage? Na cire abaya na ɗaura zani a kan doguwar rigata, na ɗauko sukundireban Abba, na baje mujalla a gefe. Na taɓa ƙarfen taga don wutar jikin da ake ta tsorata ni da ita ta fita. Na ɗaure bod a akwati, na zaunar da furosesa a gurbinsa, na danna ram har ya ce ƙas. Sai na ɗauko katin.

Na juya shi dama, na juya shi hagu. Haƙoransa dogaye ne, ramukan da ke jikin bod ɗin kuwa gajeru ne farare. Na duba hoton mujalla, na ga inda dogon ramin ya kamata ya kasance. Na duba nawa. A daidai wurin babu komai sai layin ɗigo-ɗigon dalma, an zana wurin amma ba a sa ramin ba. Ba wai katin ya ƙi shiga ba ne, babu ma inda zai shiga.

Har a lokacin ban zarge shi ba, kun ji irin wautar so. Cewa na yi mai kanti ya yi mana musaya. Na kira shi.

"Nafiou, katin nan ba shi da wuri a jikin bod ɗin."

Sai ya ce, "Wa ya buɗe?"

"Ka ji abin da na ce kuwa? Babu ramin..."

"Ina kwalin? Likin fa, an yaga?"

A nan na fara zargi. Mutumin da kullum hannunsa a cikin kwamfuta yake, an ce masa kati ba shi da wuri, bai ce ya aka yi ba, bai ce ba zai yiwu ba. Kwali yake tambaya.

Kafin la'asar ya iso, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya gaida Umma a tsaye, abin da bai taɓa yi ba. Na fito da katin a hannu, na sa hijabina na salla a kan zanin. Ya kalli katin kamar gawa.

"Hajiya, kwalin nan... ba za a iya samo shi ba?"

Umma tana zaune a kan kafet tana naɗe kwalaben turare da ɗankwali. Ita ba ta iya raɗa ba, kuma ba ta taɓa ganin ta yi laifi a rayuwarta ba. Ta ɗago ta ce, "To mene ne abin tashin hankali? Ba cewa ka yi za a mayar ba? A mayar mana."

"Hajiya, in an yaga liki ba sa karɓa."

"Kai, tafi can. A Kantin Kwari da fuska ake mayar da kaya, ba da kwali ba. Ba ka ce mutuminka ne ba?"

Na tsaya a tsakaninsu ina kallon wannan ina kallon wancan. Sannan na ce, "Umma, wa ya ce za a mayar?"

Sai a lokacin ta gane ɓarin da bakinta ya yi. Amma maimakon ta ji kunya sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Ni na sa shi. Yarinya ana maganar aurenki, ko setin tukwane ba ki da shi, kin kwashi kuɗi kin zuba a wasan yara. Na ce ya san dabarar da zai yi abin ya ƙi, a mayar da mai tsadar a ba ni kuɗin in yi miki kayan kicin. Uwa ce ni, ba maƙiyiyarki ba."

Na juya wurinsa. Idonsa a kan kafet.

"Ka san bod ɗin ba shi da wurin kati?"

"Sadiya, écoute..."

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani." Ya ɗago ya kalle ni. "Amma don mu ne. Hajiya ta ce in ba haka ba, ba za ta sa baki a maganar Juma'a ba. Bayan biki sai in haɗa miki wata, wallahi, wadda ta fi wannan."

Jama'a, da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Ba kuɗin ne ya ƙona min rai ba. Umma kuma ban yi mamakinta ba, ita tun farko ba ta ɓoye ƙiyayyarta da wasan nan ba, a fuskata take faɗa. Amma shi? Ya tsaya a gabana a kantin nan yana murmushi yana zaɓar min kayan da ya san ba za su yi ba, ɗaya bayan ɗaya. Ya turo min saƙo safe da yamma yana ce min championne, wai gwarzuwa, ashe likin kwali yake gadi. Da ranar Alhamis ta zo da ya zauna a falon nan ya yi fuskar mamaki, ya ce ayya, rashin sa'a, ni kuma in yi ta ba shi haƙuri don ya sha wahala. Abu ɗaya tak ya bambanta shi da sauran mazan da na kora, ashe shi dai ya fi su iya riƙe dariya.

Ban yi kuka a gabansu ba. Na shiga ɗaki na mayar da abayata, na naɗe katin a gyale na sa a jaka. Umma tana cewa ina za ki da ranar nan, shi yana cewa Sadiya tsaya, na wuce su na sauka.

Wurin Abba na nufa. Duk gidanmu shi kaɗai ne in Umma ta fara faɗan wasa yake cewa, "Barira, ƙyale min uwata, ba giya take sha ba." Sunan mahaifiyarsa aka sa min, bai taɓa kiran sunana gatsau ba. Na hau taksi zuwa bakin ruwa, na shiga ɗan kwalekwalen da ke tsallakar da mutane zuwa Deira. Wayata tana ta ƙara a jaka. "Pardon." "Ki ɗaga don Allah." "Kuskure na yi." Na bar ta tana yi, ina kallon ruwa ina shirya yadda zan gaya wa Abba ba tare da na ɓata Umma da yawa ba.

Murshid Bazaar tana nan yadda take, masu tura amalanke suna yalla yalla, ƙarar salatif ta ko'ina, Kanawa suna ciniki da kalkuleta. Na hau siririn matakalar ofishin Abba, na yi sallama na shiga.

Kusurwar da buhunan kaya ke zama tun ina yarinya an share ta tas. An ajiye sabon tebur ƙarami, an jawo masa wayar wuta, an tanadi kujera. A kan teburin kuma ga firinta, sabuwa fil, ledarta ma ba a cire ba.

Abba ya ɗago daga kan sikeli, fuskarsa ta washe. "Uwata, ke ce? Har ta iso ne? Ai Nafiou cewa ya yi sai Alhamis."

Sai ya ga fuskata, murmushin ya tsaya a rabi.

Na kalli firintar. Na tuna wurin firinta a bayan bod, da babban hard disk, da akwati ruwan madara. Ashe tun daga kanti ba kwamfutata ake haɗawa ba, ta ofishin kago ake haɗawa, da albashina, ina tsaye ina godiya. Na zaro katin daga jaka na warware gyalen na ajiye shi a kan sabon teburin.

"Abba, har da kai?"

Ya cire hularsa ya shafa kansa, ya mayar. "Cewa suka yi wasan ba zai yi a kanta ba, ke da kanki za ki ce a kawo min. Suka ce ba za ki ji ciwo ba, uwata."

"Na ji, Abba." A nan ne hawayen ya ci ƙarfina. "Don Allah a gaya wa kawun Nafiou kada su ɓata Juma'arsu."

Ya jawo kujerar da aka tanada wa kwamfutar ya ce in zauna, ban zauna ba. Wayata ta sake ƙara, wannan karon na duba.

"Hajiya ta ce kina wurin Alhaji. Ina ƙasa. Na sayo bod ɗin."

Na matsa jikin taga na leƙa. Yana tsaye a tsakiyar layi, masu amalanke suna ta kewaye shi, ya ɗaga kai yana neman tagarmu. A hannunsa ga jan kwalin nan, shi ɗin dai, wanda na nuna da yatsana ranar Asabar ya girgiza min kai. A kantin nan bod ya fi ashirin a jere, amma bai kira ya tambaye ni wanne ba ne.

Abba ya zo bayana ya leƙa, ya ce a hankali, "In ce ya hawo?"

Na share fuskata da bakin gyale, na ɗauki katina na mayar jaka.

"Ƙyale shi ya tsaya, Abba. Ai ya iya jira, shi da ya shirya jirana har Alhamis."